Hattara da masu cewa za su sa tsohuwar na'urar CD ta karanta faifan kwamfuta

Jama'ar Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina a yankin Accra, a yi hattara. Akwai masu talla a WhatsApp da Facebook, wasu kuma suna bin direbobi a tasha, suna cewa a kawo tsohuwar na'urar CD ta gida ko ta mota su "sa mata sabuwar manhaja" ta koma karanta faifan MP3 da aka cika daga kwamfuta, na karatun Alƙur'ani ne ko wa'azi ko waƙa. Sukan nemi kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, tun ba su kwance ko noti ɗaya ba. Wannan aikin ba ya yiwuwa.

Faifan sauti da na kwamfuta kamarsu ɗaya a ido, amma zubin abin da ke ciki ya bambanta. A faifan sauti kowane sashe bayit 2352 ne, dukkansu sauti, na'urar tana karanta sashe 75 a daƙiƙa ta miƙa wa sifika. A faifan kwamfuta bayit 2048 ne kawai bayanai, sauran na adireshi ne da gyaran kuskure. Kafin MP3 ya fito sai an sami abin da zai gane tsarin fayil na ISO 9660, da IC, wato ɗan guntun lantarki, da zai warware matsewar MP3 ɗin. Tsohuwar na'ura ba ta da ko ɗaya, kuma a yawancinsu umarnin da ke cikin IC tun daga masana'anta aka dasa shi, ba ya goguwa balle a sake rubutawa. In ka sa mata faifan kwamfuta, ko ta yi shiru, ko ta saki wata ƙara mai kaifi da kan iya ƙona ƙananan sifikoki idan murya tana sama.

To yaya suke gamsar da mutum? Da faifansu suke gwaji. CD-R ne, faifan da ake cikawa sau ɗaya, da aka ƙona a tsarin sauti, wanda na'urar za ta iya karantawa tun asali, sai su rubuta MP3 a bayansa da alƙalamin maka. Gane shi ba wuya: faifan sauti ba ya wuce waƙa 99, kuma CD-R na yau da kullum minti 80 yake ɗauka. Sa shi a kwamfuta mai Windows, in ka ga sunayen sun ƙare da .cda, an yi maka sakiyar da ba ruwa.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne ɓarnar da suke yi wa idon na'urar. A jikin ido, irin su KSS-213 na Sony, akwai wani ɗan abin juyi da ke daidaita ƙarfin leza. Sukan murɗa shi don na'urar da idonta ya fara gajiya ta kama CD-R nan take, mai ita ya ga kamar an yi aiki. Wutar da ta wuce ƙima tana cin lezar, ba a jimawa sai tsalle-tsalle, daga nan ko faifan asali ba za ta gani ba. Idon da ya mutu haka ba ya gyaruwa, sai canji.

Mai son jin MP3 a tsohuwar na'urarsa, hanya ta gaskiya ita ce ɗan allon USB da Bluetooth, mai cin volt 5 ko 12, irin wanda ake samu wurin masu kayan lantarki a Zongo Lane. Ana haɗa shi da AUX, wato mashigar sauti daga waje, ya karanta filasha ko katin waya. Faifai kam ba ya karantawa, don haka duk wanda ya sa maka shi ya ce ya "canza" na'urar, ƙarya ya yi. Ko kuma a ƙona karatun a CD-R, ba CD-RW mai goguwa ba, a tsarin sauti, da ƙaramin gudu, a kuma rufe faifan a ƙarshe.

Wanda aka riga aka karɓi kuɗinsa ta intanet ya adana saƙon MoMo da hirar WhatsApp, ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Gana, ya kuma kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa.