Shaddar da na saya a intanet da yadda kuɗina suka dawo

Saura mako uku Babbar Sallah na ga tallar shadda gezna a wani dandalin saye da sayarwa na intanet, yadi biyar a kan naira 120,000. Ruwan toka ce mai ɗaukar ido. Dandalin yana da tsarin riƙe kuɗi har sai kaya sun shiga hannun mai saye, amma mai kayan ya kira ni ya ce, "Alhaji, mu koma WhatsApp. In ka turo kai tsaye zan rage maka dubu goma, tunda ba za a cire min kamasho ba." Da na zo turawa sai na ga sunan asusun daban, sunan shagon daban. Ya ce na ƙaninsa ne, na tura.

Bayan kwana biyu aka sa kayan a mota daga Kano zuwa Zariya. Telana bai ma gama warware yadin ba ya murza bakinsa da yatsu biyu, ya ɗiga ruwa a gefe guda ya goga. Nan take ƙyallin ya dushe, yatsunsa suka yi danƙo. Ya ce, "Malam, wannan sitati ta sha. Wanki ɗaya za ta yi ka rasa gane ta." Kafin magariba mai kayan ya toshe lambata.

Ma'aikatan dandalin sun amsa min a ranar, cikin ladabi, suka rufe shafinsa. Kuɗi kuwa suka ce babu ruwansu, tunda ba ta hannunsu na biya ba. A nan ban ga laifinsu ba. Inda na ga gazawarsu shi ne barin mutum ya buɗe shago ba tare da sun tantance adireshinsa ba, domin da na nema ba su da abin ba ni sai lambar waya. Banki ma ya ce ni na tura da hannuna, ba za a taɓa kuɗin ba sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu.

Sai na koma duba abin da doka ta ce, na kuma tarar ba ta bar mai saye a banza ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da wannan fanni, ta ba wanda bai ga kaya ba kafin a kawo masa damar mayar da su ya karɓi kuɗinsa idan sun saɓa da abin da aka siffanta masa, muddin bai ɓata lokaci ba. Rubutun nan na "kaya in sun fita ba sa dawowa" bai soke wannan haƙƙi ba. Ta fuskar laifi kuma, 419 da muke ta faɗa lambar sashe ce a kundin laifuka na Kudu. A Arewa zamba tana sashe na 320 na Final Kod, wato kundin laifuka na Arewa, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Kano tana da kotunan ƙananan ƙararraki da ake shiga ba sai da lauya ba. Amma duk inda na dosa tambayar ɗaya ce: wa kake ƙara, ina za a kai masa sammaci?

Amsar a tashar motar Kano na same ta. A jikin ledar kayan akwai wata lambar waya da aka rubuta da biro, ba wadda muke magana da ita ba. Ɗan kamashon da ya yi lodi ya buɗe littafinsa ya ce lambar yaron da ya kawo saƙon ce, kusan kullum yana zuwa. Ta nan na gano shagon a wata kasuwar yadi. Ban tunkari mai kayan ni kaɗai ba, wurin shugaban layin na fara zuwa da rasidin banki, da hotunan tallar, da hirarmu duka da na sa aka buga min a takarda, har da saƙon murya da ya rantse asali ce. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya sa aka kira shi ya ce, "Ɗana, ka ji muryarka. Ko ka biya shi a nan, ko gobe ku haɗu a gaban alƙali, mu kuma ba za mu tsaya maka ba."

Sau biyu ya biya, dubu saba'in a ranar, dubu arba'in bayan kwana tara, na mayar masa da yadinsa. Kuɗin mota da wuni biyu da na yi ban buɗe wurin aikina ba sun tafi. Har yanzu ina sayayya a dandalin, amma ta tsarin riƙe kuɗin kawai. Wata guda bayan Sallah na sake cin karo da hotunan shaddar nan a ƙarƙashin sunan wani sabon shago, na tura wa dandalin rahoto tare da rasidina.