Google Earth Pro da rigimarmu kan gidan da za a gina a gabanmu

Tauraro huɗu cikin biyar zan ba Google Earth Pro, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama, bari in faɗi dalili.

Gidanmu a kan gangaren tudu yake, kuma gaskiya abin da ya sa muka saye shi baranda ce kawai, kana zaune kana hango kwari gaba ɗaya har da rafin da ke ƙasa, da yamma rana ta faɗi a gaban idonka. Mahaifiyata tun da ƙafa ta fara ba ta matsala nan ne duniyarta, a nan take wuni. To sai wani bawan Allah ya sayi fulotin da ke ƙasa da mu, labari ya zo cewa bene zai yi hawa biyu, tsawonsa mita 9 har ƙoƙuwar rufi. Kafin ka ce kwabo unguwa ta ɗau zafi, an buɗe guruf a WhatsApp, wannan ya ce a rubuta takardar koke wancan ya ce kotu kawai, shi kuma mai filin ya daina amsa gaisuwar kowa. Duk cikinmu fa babu wanda ya san iya abin da ginin zai tare, kowa da hasashensa yake faɗa.

Lauya na fara gani, ya sanyaya min gwiwa. Ya ce a dokar ƙasashe da yawa, musamman masu bin tsarin Ingila, hangen nesa ba haƙƙi ba ne da kotu za ta ƙwato maka, tun 1610 wata kotu a can ta yanke cewa iska da haske lalura ne amma kyan abin kallo jin daɗi ne kawai. Sai dai in akwai yarjejeniya a takardun filin ko dokar tsara gari ta ƙayyade tsawon gini. Kenan ba mu da makami sai lallashi, lallashi kuma ba ya yiwuwa da baki kawai.

Ƙanina ne ya ce in sauke Google Earth Pro a laftof. Kyauta ne tun 2015, kafin nan dala 399 ake biya a shekara. Na kwamfuta nake nufi fa, ba na waya ba, don kayan aikin da na yi amfani da su a na kwamfutar suke. Abin da na yi ba wuya: na zana shacin ginin a kan hoton fulotin kamar yadda yake a filan, na sa masa tsawo mita 9 daga ƙasa, na ce bangon ya sauko har ƙasa, sai ga wani akwati ya tsaya cak a wurin. Sannan na sa alama a barandarmu daidai tsayin idon mutumin da ke zaune a kujera, na juyo da kallon zuwa kwari. Wallahi sai da gabana ya faɗi, rafin ya ɓace ɗungurungum, rabin kwarin ya tafi. Amma da na gwada daga tagar ɗakin sama ba abin da ya taɓu, haka gidan maƙwabcinmu na hagu wanda ya fi kowa ɗaga murya a guruf, ko kusurwa ɗaya ginin bai tare masa ba. Akwai kuma wurin da yake shafa kore a duk inda ido zai iya kaiwa daga alamarka, da wurin duba tsofaffin hotunan wurin shekara da shekaru, wannan na ƙarshen ya taimaka sosai don ya nuna bishiyoyin da ake ɗora wa mai filin laifinsu sun girme shi a unguwar.

Na ɗau laftof na je na sami mai filin. Na ce, Malam ba faɗa ya kawo ni ba, don Allah zauna ka ga abin da Hajiya za ta riƙa gani. Ya yi shiru yana kallo, ya karɓi linzamin da kansa yana juyawa, can ya ce shi wallahi bai taɓa tsayawa a barandarmu ba, filan kawai aka kawo masa ya ga ya yi kyau. Nan take muka rage akwatin zuwa mita 7, muka matsar da shi ƙasa kaɗan, muna gani rafin yana dawowa. Wannan zaman shi ya karya rigimar, don karon farko kenan mu biyu muna kallon abu ɗaya.

Inda na rage tauraro ɗaya shi ne awon tudu. A wurare da yawa bayanan tsayin ƙasa sun samo asali ne daga awon da kumbon NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya yi a shekarar 2000, inda kowane ɗigo yake wakiltar kusan mita 30, to a gangare mita 30 ba wasa ba ce, ƙasa na iya sauka sosai a tsakanin. Bishiya da katanga ma a inda ba a yi musu siffa mai tudu ba a shimfiɗe suke fitowa. Don haka kar wanda ya ɗauki hoton nan a matsayin hujjar ƙarshe. Mu mai safiyo muka kira ya kafa dogayen sanduna a kusurwoyin ginin, aka ɗaura jan ƙyalle daidai inda rufi zai kai, irin yadda wasu garuruwan jihar Kalifoniya ta Amurka suke tilasta wa mai gini ya yi kafin a ba shi izini. Ƙyallen ya fito sama da abin da na gani a kwamfuta da wajen mita ɗaya.

Akitek ɗinsa ya sake filan, aka kwantar da rufin aka nutsa da hawan ƙasa cikin gangaren. Mun rasa gefen dama na kwarin, wannan kam ya tafi kuma har yanzu yana min ciwo, amma rafi da faɗuwar rana suna nan. Sandunan sun yi sati biyu a tsaye, kullum da yamma sai Hajiya ta sa a gyara mata kujera ta duba ko jan ƙyallen ya taɓa ruwan, sai da ta ce bai taɓa ba sannan na sa hannu a takardar amincewa da ginin.