Daga Jamus: yadda na canza sifirin ɗin gaban babur, da abin da na gani

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Ka tambaye ni a waya me zai sa mutum ya cire sifirin ɗin da bai karye ba ya sa wani, a babur ɗin da ko tsufa bai yi ba. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto, don na san akwai abin da zai yi maka amfani a ciki.

Babur ɗin Yamaha Ténéré 700 ne, irin dogayen nan da ake ƙerawa don kwalta da jeji duka. Sunan hamadar nan ta gabas da Agadas ya ci, inda tseren Faris zuwa Dakar ya riƙa ratsawa a da. A 2019 ya fito, tayar gaba inci 21 ce, kuma in tanki ya cika nauyinsa ya ɗan haura kilo 200. Shokozobar gaba tana iya nutsewa har milimita 210. To kamfani bai san wanda zai saya ba, sai ya sa sifirin daidai matsakaicin mutum. Ni kuwa ka san jikina, ga akwatuna biyu, ga tanti. Da na taka birki sai gaban ya durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi, a gargada kuma ka ji ya buga ƙasa ƙwal.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tambayoyin mai sayarwa. Kafin ya faɗi kuɗi sai da ya nemi sanin nauyina da hular kwano da takalma da rigar kariya a jikina, nauyin kayan da nake ɗauka, ko ina goyon wani a baya, da irin hanyar da na fi bi. A nan Turai akwai kamfanonin da ba su da sana'a sai ta sifirin da shokozoba: Wilbers a Jamus, Hyperpro a Holan, Öhlins a Suwidin. Sifirin ɗin ma iri biyu ne. Akwai wanda taurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, akwai kuma wanda zagayensa ya matsu a gefe ɗaya, yana farawa da laushi, yana ƙara tauri gwargwadon yadda aka danne shi. Na ɗauki na farkon, domin da shi an san ainihin taurin da aka saya, saitin sauran abubuwa sai ya zo da sauƙi.

Kwalin ya zo da takardar da ake kira ABE, shaidar cewa hukuma ta yarda a sa wannan kaya a wannan samfurin babur. Ba ado ba ce. Duk shekara biyu ana kai babur wurin masu binciken lafiyar abin hawa, kuma in suka ga an canza wani abu mai muhimmanci babu takarda, ba za su liƙa maka tambari a lamba ba. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar in ba ka so, sabon kaya kuma doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakinsa har shekara biyu. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Ka tuna yadda muke shiga kasuwar Ƙofar Ruwa muna juya kaya a hannu, muna auna nauyinsa, muna neman gane orijinal da jabu da ido kawai. In ya lalace bayan wata guda, kai bakanike ake zagi.

Amma kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Kuɗin hannu da awa ake lissafa shi, kuma abin da na biya na aikin ya fi kuɗin sifirin da mai gaba ɗaya. Ba a kuma shigowa gareji haka kawai a ce a duba mini. Sai ka nemi rana. Yawancin masu babur a nan suna ajiye shi lokacin sanyi, to da watan Maris ya kama kowa sai ya fito da nasa, ka jira makonni kafin a taɓa naka. Kai da za ka kwance gaban Boxer ka mayar kafin mai shi ya dawo daga sallar La'asar, da kana nan da layi ya kai titi. Bakaniken nan kuma ba ya gyaran ƙarfe, canzawa yake yi. Abin da za ka miƙe ko ka kai wa mai walda, shi sai ya ce a yi odar sabo.

Inda suka fi mu shi ne awo, kuma na tsaya na kalli aikin da idona. Ya ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, ya auna tsawon sandar shokozoba da ke waje. Ya ɗaura wata 'yar igiyar roba a jikin sandar, ya sauke babur, ya ce in hau da duk kayana. Igiyar ta nuna iyakar inda gaban ya nutse. Abin da ake so kusan kashi ɗaya cikin uku ne na dukan nutsewar, wato wajen milimita 65 zuwa 70 a wannan babur. Da tsohon sifirin na wuce haka sosai, ma'ana tun ban motsa ba na cinye wani ɓangare na abin da zai tare mini rami.

Man ma ba da ido ya zuba ba. Man shokozoba daban yake da baƙin mai, yana da lambar kaurinsa, kamar 5W ko 10W. Ya cire sifirin, ya danne sandar har ƙasa, ya yi ta famfo har kumfa ta ƙare, sannan ya sa wani siririn bututu mai ma'auni ya zuƙe rarar, har tazarar iskar da ke saman man ta zo daidai a ƙafafun biyu. Wannan iskar ita ma sifirin ce, ita ke taurara gaban in ya kusa kaiwa ƙarshe. Notocin da ke riƙe sandar kuma da sifana mai auna ƙarfi ya ɗaure su, don in an matse fiye da kima bututun yana shaƙewa, sandar ta riƙa cijewa.

Ga maganar da nake so ka riƙe. Washa ko guntun bututun da muke cusawa a saman sifirin don mai ɗaukar buhuna ba ya ƙara masa tauri. Ɗaga gaban kawai yake yi. In sifirin ya gaji ko ya yi wa lodin laushi, sai dai a canza shi. Baƙin man inji da ake ɗurawa kuma yana sa gaban ya yi nauyin dawowa, a gargada taya ta riƙa barin ƙasa, birki ya ƙi ci.

Tef na awo da sirinji babba da guntun tiyo sun isa ka fara yin duk wannan a garejinka. Akwai wani ɗan unguwarmu da zai taho gida bayan Sallah, zan ba shi sifana mai auna ƙarfi ya kawo maka. Ka aiko mini da samfurin baburan da suka fi zuwa wurinka, in nemo maka adadin man da kowanne ke ci. A gaida Hajiya da kyau.