Jarumai 'yan rakiya: abin da na gani a Mystery Men

Ƙanena ne ya tura mini fim ɗin a waya, ya ce in ban yi dariya ba shi zai biya kuɗin data. Mystery Men ne, na 1999, wanda Kinka Usher ya ba da umarni. Bai biya ba, don na yi dariyar, sai dai ba ko'ina ba.

Garin Champion City yana da gwarzonsa, Captain Amazing, wanda rigarsa ke cike da tambarin kamfanoni kamar ɗan tseren mota. Ya gama da miyagu kaf, kasuwarsa ta mutu, sai ya sa aka sako tsohon abokin gabarsa, Casanova Frankenstein, don a ci gaba da yi da shi. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, mugun ya damƙe shi. Ceton gari ya faɗa hannun waɗanda ba a ko sa su a lissafi.

Ben Stiller ne Mr. Furious, baiwarsa fushi, fushin da ba ya tsinana komai. Blue Raja yana jifa da cokula masu yatsu, gardi guda amma har yanzu a gidan mahaifiyarsa yake kwana. Akwai yaron da ke ɓacewa, amma sai in babu mai kallonsa. Wannan kam sai da na ajiye waya.

Fim ɗin ya san duk hanyoyin da finafinan jarumai ke bi, yana kuma yi musu shaguɓe. Kusan babu wanda ya gane attajiri Lance Hunt shi ne Captain Amazing, wai don yana sa tabarau. Ga Sphinx, malamin da kowace hikimarsa juya magana ce gaba da baya, har Furious ya gaji ya fara ƙarasa masa. Matsalata ita ce bayan duk wannan tsokanar, hanyar dai suka bi: a tara tawaga, a sha kashi, a yi faɗa a watse, a shirya, daga ƙarshe baiwar kowa ta yi rana ɗaya bayan ɗaya. Tun tsakiyar fim na san inda za a sauka. Wuri ɗaya ya ba ni mamaki, inda suka je ceton Captain Amazing suka kashe shi da hannunsu bisa kuskure.

Barkwancin tusa na Spleen, wani ɗan tawagar, ya gundure ni tun karo na biyu, soyayyar Furious da mai kawo abinci kuma cikon lokaci ce a fim mai kusan awa biyu.

Wanda ya riƙe ni shi ne William H. Macy, mai shebur. Magidanci ne, matarsa ta gaji da wannan shirme, shi kuwa bai taɓa nuna ya san abin dariya yake yi ba. Da gaske yake ɗaukar sheburinsa. Saboda shi na sake kallon wurin da suke tantance sababbin jarumai a bayan gidansa, sau biyu.