VirtualBox a shagon kago: sharhin wanda ya gwada

Kawuna yana da shagon aika kayan alhazai a Shara Mansur, nan Makka. Rajistar kayan gaba ɗaya, sunan mai kaya da nauyin kowane kwali da garin da za a sauke shi, tana cikin wata tsohuwar manhaja da ba ta tashi sai a Windows 7. Da aka sayo sabuwar kwamfuta mai Windows 11 sai ta ƙi buɗewa ƙememe. Kawu ya ce, "Kai ne ɗan boko, ka san yadda za ka yi kafin alhazai su fara haɗa kaya."

Sai na sauke VirtualBox, manhajar Oracle, kyauta. Tana gutsurar wani kaso na RAM da ma'ajiyar kwamfutarka ta haɗa wata kwamfutar a ciki, ka ɗora mata Windows 7, ta buɗe a taga ɗaya alhali Windows 11 tana aikinta. Rajistarmu ta tashi lafiya lau, har firintar rasit ta karɓa ta USB.

Sai dai a san wasu abubuwa. Dole a shiga BIOS, wato saitin farko na kwamfuta kafin Windows ta tashi, a tabbatar VT-x (abin da ke ba processor ɗin Intel damar tafiyar da wata kwamfutar a ciki) a kunne take, ko AMD-V ga masu AMD. In ka hango ɗan koren kunkuru a ƙasan taga, Hyper-V, makamancin VirtualBox da ke cikin Windows, shi ne ya riga ta kama wurin, kuma tafiyar kunkurun za ka sha har sai ka kashe shi. Guest Additions kuwa, ƙarin manhajar VirtualBox da ake sakawa a kwamfutar ciki, a saka tun ranar farko, shi ke gyara girman allo ya ba ka damar raba folda tsakanin biyun.

Ga wanda ya shafe mu masu rubuta Larabci. Maɓallin Ctrl na dama shi VirtualBox ta ware don fita daga kwamfutar ciki, mu kuma da shi muke haɗa Shift mu juya rubutu daga dama zuwa hagu. Yaron shago ya yi ta dannawa, sunan Hajiya yana maƙale a hagu, har ya rantse allon maɓallan ne ya lalace. A saiti ake canja shi zuwa wani maɓallin, magana ta ƙare.

Abin da ya fi burge ni shi ne Snapshot: ka adana yanayin kwamfutar ciki yadda take, in an yi ɓarna ka mayar da ita cikin ƙiftawar ido. Shagon da hannu ya yi yawa yana bukatar wannan.

Da RAM 8GB ana lallaɓawa, amma fanka na ta gurnani a zafin Makka. Mun ƙara zuwa 16GB. Na kuma yanke wa kwamfutar ciki intanet gaba ɗaya, tunda Microsoft ta daina sabunta tsaron Windows 7 tun Janairun 2020.