Wata takwas ina buga wasan ƙwallo na eFootball a waya, bayan na ce na bar shi

Ƙanina ne ya matsa mini. Yana karatu a Zariya, ni ina Kano, kuma ba ma gama waya sai ya ce, "Yaya, don Allah ka sauke eFootball mu riƙa bugawa." Na daɗe ina ce masa to, ba na saukewa, domin tun 2021 na juya wa wasan baya. Da na ga ba zai gaji ba, sai wata rana da tsakar dare na sayi data na sauke. Yau wata takwas ke nan, kuma da wuya kwana biyu su wuce ban buga ba.

Kafin in faɗi yadda na same shi, sai na faɗi inda na fito, don da wannan idon nake kallonsa. Ni ɗan gidan gem ne. A unguwarmu shago ɗaya ne, talabijin uku masu ƙeya, benci biyu, da PS2 da aka ɗaure a cikin akwatin katako. Naira ashirin ake biya, wanda aka ci ya tashi. Winning Eleven muke bugawa, na Japan, wanda duk rubutunsa ba mai iya karantawa a cikinmu. Haddacewa muka yi: ka sauka sau biyu, ka danna, ka shiga wajen canza 'yan wasa. Muryar mai sharhi Jon Kabira kuwa, ko yanzu na rufe ido ina jin yadda yake ihu idan ƙwallo ta doshi raga, mu da ba mu san kalma ɗaya ta Japananci ba muna maimaitawa a hanyar makaranta.

Daga baya PES 6 (PES shi ne sunan Winning Eleven a wajen Japan) ya zo a 2006, da Adriano na Inter mai ƙarfin bugu 99. Sai da aka kafa doka a shagon cewa ba a ɗaukar Inter, saboda in ya samu ƙwallo a ƙafar hagu magana ta ƙare. Kafin nan ma, lokacin da Obafemi Martins yake tare da shi a gaba, ba mai tsaron bayan da yake kamo shi. Amma abin da ya riƙe ni shekara da shekaru shi ne Master League. Ka fara da su Castolo da Minanda da Ximelez, Ivarov a raga, 'yan wasan da babu su a duniya amma mun san halin kowannensu kamar 'yan gidanmu. Ka yi ta fama da su a ƙaramin rukuni, kana tara maki, har ka sayi ɗan wasa ɗaya na kirki. Ranar da na kawo Okocha ƙungiyata sai da na cire memorin nan mai 8MB na sa a aljihun gaba, na tafi da shi gida.

Shi ya sa labarin Yulin 2021 ya taɓa ni. Konami, kamfanin da yake yin wasan, suka sanar cewa sun ajiye sunan PES gaba ɗaya, wasa ya koma eFootball, kyauta ne, kuma sun bar Fox, injin da suke gina wasan da shi, sun koma Unreal. Ranar 30 ga Satumba ya fito, duniya kuma ta ga abin da ta gani: fuskokin Messi da Ronaldo a karkace, alƙalin wasa yana ja da ciki a kan ciyawa, ƙungiyoyi tara kacal. Cikin kwana ɗaya ya zama wasan da ya fi kowanne shan suka a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Babban gyaran da aka sa wa rana a Nuwamba bai iso ba sai 14 ga Afrilun 2022, waɗanda suka biya kuɗin kati tun da wuri aka mayar musu. Abokaina wasu suka koma FIFA, wasan ƙwallo na kamfanin EA, wasu suka maƙale wa PES 2021 har yau. Ni kuwa na ajiye ƙwallon gem ɗungurungum.

To, gaskiya ɗaya ce: wasan da na tarar a waya ba shi ne wancan ba. A cikin fili, wanda nan ne ya fi damuna, ya warke. Ƙwallo tana da nauyi. Idan ɗan wasanka ya juya baya ka matsa masa sai ya ba da fasin, za ta tafi a karkace ko a tare ta, kamar yadda ake gani a fili na gaske. Dole ka tsaya, ka juya, ka duba. Mai tsaron baya mai jiki yana ture ɗan ƙaramin ɗan wasa, shi kuma ƙaramin yana zille masa idan ka iya yanka. Wannan jin na cewa kai ne ka gina cin da hannunka, ba wasan ne ya ba ka ba, shi ne abin da ya bambanta PES da sauran tun fil azal, kuma na same shi a nan. Cin farko da na yi da fasin uku daga tsakiya, na zura wa ɗan gaba ta tsakanin 'yan baya biyu, sai da na ajiye wayar na yi shiru na ɗan lokaci.

Bugawa a gilashin waya ya ba ni wuya a makon farko. Yatsan da ya saba da fad, abin bugawa na PS2, yana neman abin da zai danna ya ji ya nutse, a nan kuwa santsi ne kawai. Akwai tsari biyu, na shafa gilashi da na maɓallai da aka zana a gefe. Na biyun na zaɓa, kuma shi nake ba duk tsohon ɗan PS2 shawara ya fara da shi.

Zuciyar wasan yanzu ita ce Dream Team, inda kake haɗa ƙungiyarka. Manyan kuɗi iri biyu ne a ciki: GP da kake samu ta hanyar buga wasa, da koyin (coins) da galibi da kuɗin aljihu ake saye, ko da yake ana ɗan raba shi kyauta lokaci-lokaci. Ban sa ko kwabo ba. Da GP na ɗauki Osimhen da Lookman, na cike sauran gurabe da waɗanda ake bayarwa kyauta, kuma na tashi daga rukuni na 10 har na 4. Abin da na fi so a nan shi ne horarwa: ɗan wasa yana tara maki, kai kake raba masa su, ko ka ƙara masa gudu, ko bugu, ko ƙarfin tsalle. Mutum biyu za su mallaki ɗan wasa ɗaya amma kowa da yadda ya gina nasa. Nakan ɗauki rabin awa a kan wannan kaɗai, kuma ba na jin na ɓata lokaci.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne katunan musamman, su Epic da Show Time da makamantansu. Ba ɗan wasan kake saye kai tsaye ba, dama kake saye: ka zuba koyin, a juya, ko ya fito ko kada ya fito. Babba mai hankali zai iya kame kansa. Amma yawancin masu buga wasan nan a wajenmu samari ne da 'yan makaranta, kuma tsarin da yake koya wa yaro cewa ya ƙara juyawa sau ɗaya ko a dace, ya yi kusa da caca fiye da yadda nake so. Iyaye da yayye su san da wannan. Sannan da ka haura rukuni na 4, sai ka riƙa haɗuwa da ƙungiyoyin da daga gola har ɗan gaba duk irin waɗannan katunan ne. Ana iya cin su, na sha ci, amma sai ka yi wasa ba kuskure, su kuwa kuskure uku ma ba ya kayar da su.

Sai maganar sabis, wadda ba laifin wasan ba ce amma ba yadda za a yi sharhi daga nan a tsallake ta. Da yamma, lokacin da kowa yake kan intanet, layin da nake amfani da shi yakan yi nauyi, ka danna fasin sai bayan daƙiƙa ɗaya ɗan wasa ya motsa. Akwai ranar da nake gaba da ci biyu, saura minti kaɗan, sabis ya ɗauke, aka ba abokin karawata wasan. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga nan wasannin rukuni sai bayan sha ɗaya na dare ko bayan asuba nake buga su. Waya kuma tana zafi, batir yana sauka da sauri, don haka mai ƙaramar waya ya rage kyan hoto tun daga farko.

Sunayen ƙungiyoyi har yanzu tsohuwar matsala ce. Yawancin na Ingila ba su da sunansu na gaskiya, Real Madrid ma Madrid Chamartin B ake kiranta. Mu da muka girma da Merseyside Red da Man Blue wannan ba ya tayar mana da hankali, sai dai a da muna zama mu gyara sunaye da riguna ɗaya bayan ɗaya.

Wani labari da ya faranta mini rai: bayan EA da hukumar FIFA sun raba gari, EA suka canza sunan wasansu zuwa FC 24 a 2023, sai ga hukumar FIFA da kanta ta haɗa hannu da Konami a 2024, aka yi gasar kofin duniya ta eFootball a Riyad a watan Disamba. Indonesiya ta ɗauki na masu fad, ɗan Malesiya ya ɗauki na waya. Duk wanda ya yi shekarun nan yana musun PES da FIFA a bakin shago zai gane abin da na ji. Kuma ganin ƙasashe irin waɗannan, da wayar hannu, ya sa na ce yaranmu ma za su iya zuwa can idan aka samu sabis mai kyau da masu shirya gasa.

Master League dai shi ne ramin da ba a cike ba. An ce zai zo a 2023 a matsayin abin da za a saya daban, shekarar ta wuce ba mu gan shi ba. An kawo My League, na gwada shi, yana da daɗinsa, amma da ƙungiyarka ta Dream Team kake shiga, babu farawa daga ƙasa, babu yaron da za ka ɗauko yana shekara 17 ka raine shi har ya zama kyaftin. Da za su kawo shi gobe, shi kam zan biya, ban ma tsaya tambayar farashi ba.

Duk da haka ban goge wasan ba, kuma ba ni da niyya. Duk daren Juma'a ƙanina yakan buɗe ɗaki ya turo mini lamba, mu kira juna a ɗaya wayar, mu buga uku ko huɗu. Shi Quick Counter yake bi, gudu kawai, ni kuma ina riƙe ƙwallo irin na da. Yana cina fiye da yadda nake cinsa. Makon jiya na farke ana saura minti biyu, na ƙara a ƙarin lokaci, sai na ji shi daga Zariya yana cewa, "Yaya, wallahi sai an sake." Mun sake har ƙarfe ɗaya.