Na kai kujerun Baba gyara, an goge mini wurin hannunsa

Kujeru biyu ne masu hannun katako, irin waɗanda ake jerawa a falon ma'aikata a da. Marigayi mahaifinmu ya saye su a Sabon Gari a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, lokacin yana aikin jirgin ƙasa. Tun bayan rasuwarsa suke jingine a ɗakin ajiya, soson ya zama gari, yadin ya yage, ƙafar ɗaya ta tsage tun daga sama. Kafintoci biyu na nuna wa, kowanne ya ce in rabu da su in sayi kushin na zamani. Na ukun, wani dattijo mai rumfa a nan cikin Kano, ya ƙwanƙwasa katakon, ya kankare ƙasan ƙafar da wuƙa ya duba, ya ce, "Alhaji, ai wannan maɗaci ne. Ka nemi irinsa a kasuwa yanzu ka gani." Nan take hankalina ya kwanta da shi.

Maganar gaskiya, wajen aikin katako ban taɓa ganin mai hannunsa ba. Da ya kwance kujerar ya kira ni ya nuna mini mahaɗinta: katako ne ya shiga cikin katako, babu ƙusa ko ɗaya. Ƙafar da ta tsage kuwa ya ƙi sa mata sabon katako. Ya ce ɗanye ne ake sayarwa, hunturu na bugawa zai tsuke, mahaɗin ya saki. Sai da ya samo guntun maɗaci daga wani tsohon ƙyaure ya sassaƙa. Yau in ba ni na nuna maka ba, ba za ka gane wace ƙafa ce baƙuwa ba. Ya canza robobin ƙasa da suka bushe, ya sa soso mai tauri, ba irin wanda ke kwanciya bayan wata shida ba, kun dai san yadda soso ya yi tsada. Yadin ni na sayo da kaina a Kantin Kwari, mai kauri, ruwan ƙasa, kuma ɗinkin ya zauna daidai.

To amma ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Hannun dama na kujerar nan mai tsagaggiyar ƙafa yana da wani wuri da ya yi baƙi, ya yi sulɓi, har ya ɗan lotsa. Nan Baba yake ɗora hannunsa da carbi bayan sallar Asuba, rediyo na gefensa yana jin labarai. Shekara da shekaru tafin hannunsa na gogar wurin. Muna yara ba mai zama a kujerar, amma in ya fita mukan sa hannu a lotsawar mu gwada ko namu ya kai nasa. Saboda wannan wurin na kai kujerun gyara, ba don na rasa abin zama a gida ba.

Sau uku na faɗa wa dattijon nan. Ranar da na kai su na kama hannunsa na ɗora a wurin, na ce, "Baba, don Allah ko me za a yi, kada a taɓa nan." Ya ce, "Kada ka damu, ɗana, na gane." Na maimaita a waya. Na sake maimaitawa ranar da na kai yadi.

Ranar karɓa ina isa rumfar na hango su suna ƙyalli kamar an zuba musu mai. An bi hannuwan huɗu da sanfefa an goge su tas, an lafta musu fenti mai sheƙi. Baƙin ya tafi, lotsawar ta baje. Na tsaya na kasa magana. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta zo mini a gaban yaran shago.

Ashe ya tafi ta'aziyya ƙauyensu kwana huɗu, ya bar wa yaronsa ƙarashen aikin bai gaya masa komai ba. Yaron ba shi da laifi, tabo ya gani ya goge, a ganinsa gwaninta ya yi. Dattijon bai yi musu ba, bai kawo uzuri ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na ci amanarka, ka yafe mini." Ya wanke fentin, ya shafa wa katakon mai har launinsa na ainihi ya dawo, ya kuma ce in rage kuɗin aikin yadda na ga dama. Na biya shi cikakke, domin guminsa ne. Na yafe masa, amma raina bai daina ɓaci ba. Kalma ɗaya ce fa zai faɗa wa yaron kafin ya tafi, ko ya naɗe hannun da tsumma.

Kuma tunda maganar ta taso, mako uku ya ce mini, aka yi wata biyu da kwanaki. Na so a ce a Babbar Sallah suna falo 'yan'uwa su gani, Sallah ta zo ta wuce suna rumfarsa ƙura na hawa kansu. Da farko na ɗauke kai saboda neman katakon nan, amma sauran kwanakin "gobe in sha Allahu" ce kawai. Haka ƙusoshin ado na bayan kujera ɗaya ba su tafi a layi ba, sai a gida na lura.

Da aka shigo da su, Hajiya ta fito ta shafa hannun wannan, ta shafa na waccan, ta juyo ta ce, "Wacce ce tasa?" Sai da na kifa kujerar na duba sabuwar ƙafar kafin na iya ba ta amsa.

Wanda ke da tsohuwar kujera mai karyayyar ƙafa, zan iya tura shi wurin mutumin nan ba fargaba, amma ranar goge katako ya je ya tsaya a kansu da kansa. Akwai teburin rubutun Baba da ke buƙatar gyara, duk da tabon tawada a samansa. Yana nan a ɗakin ajiya, na lulluɓe shi da zane.